Filin Lafiyar Uwa da Jariri: Nonona Ya Ƙafe Ɗana Yana Kwalba, Zai Dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Haihuwata ta fari ke nan. Cikina yana wata bakwai da 'yan kwanaki jinina ya hau, na yi jijjiga, aka yi mini tiyata aka ciro yaron da nauyin kilo 1.4. Shi aka kai shi ɗakin jarirai aka sa a kwalba, ni kuma ina wani ɗakin, kwana biyu ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo nonona ya cika ya yi tauri. Ba wanda ya ce mini in tatsa, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Bayan kamar kwana goma sai ya saki. Yanzu an sallame mu, yaron yana da sati bakwai, madarar gwangwani yake sha a bulumboti. Kuɗin madara ya fara fin ƙarfin maigida, yaron kuma ba ya kumari, sau biyu yana gudawa. In na matsa nonon, ɗan ɗigo ne ke fitowa tsararo kamar ruwa. Surukata ta ce nonon da ya kwana sati bakwai ya lalace, in na ba shi zai halaka shi. Anti don Allah, nono yana dawowa bayan ya ƙafe?
Mai jego, daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya mana, ya ƙara miki lafiya. Ƙwarai yana dawowa. Na yi aikin jinya a ɗakin jarirai har na yi ritaya, kuma na ga matan da nononsu ya fi naki daɗewa a ƙafe sun koma shayarwa. Ba sabon abu ba ne a wajen likitoci: tun 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda sukutum a kan dawo da shayarwa, kuma abin da aka gani shi ne ya fi sauƙi idan jariri bai kai wata uku ba, kuma ba a daɗe da dainawa ba. Duka biyun kin cika su, ga kuma ɗigon da kike gani, wanda ke nuna cewa aikin bai tsaya gaba ɗaya ba.

Amma kafin komai, gobe da safe ki ɗauki yaron nan ku koma asibiti. Bakwainin da ya yi gudawa sau biyu kuma ba ya ƙara nauyi, sai an ɗora shi a sikeli an duba shi. Ki tafi da gwangwanin madarar da cokalin awon, ki nuna wa nas yadda kike damawa. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, uwa kan rage gari ta ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen sati, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana yaro kumari. Sannan kada ki janye masa madarar yau don kin ji na ce nono zai dawo. Madarar za ta ci gaba har sai nonon ya zo ya karɓe ta, a hankali.

Sai zancen surukarki. Ba na ganin laifinta, tsoro ne ya sa ta faɗa, kuma haka ta taso ta ji ana cewa. Amma nono ba ajiye yake ba balle ya kwana ya yi tsami. Wanda ya cika a kwanakin farko ba a cire ba, jikinki ya riga ya tsotse abinsa. Wanda ke ɗigowa yanzu sabo ne, daga jininki ake yinsa. Zai iya ɗan yin gishiri-gishiri a farko, haka nonon da aka daɗe ba a sha ba yake, kuma ɗanɗanon yana gyaruwa da zarar ya fara yawa. Na sha ganin tsofaffi sun tatsi nono a ludayi sun jefa tururuwa, wai in ta mutu nonon ba shi da kyau. Wannan gwaji ba ya nuna komai a kan nono, kuma jarirai da yawa sun rasa abincinsu ta dalilinsa. Shawarata, ki roƙi Hajiya ta raka ki asibitin, ta ji daga bakin nas da kunnenta. Za ki buƙace ta ƙwarai a satuttukan da ke tafe, gara ta zama a ɓangarenki.

Abin da ke sa nono ya zo shi ne cire shi. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, ko aka tatsa, saƙo yana tafiya ƙwaƙwalwa, sai ta saki wani sinadari da ake kira furolaktin, shi ke umartar nono ya yi ruwa. Wannan sinadari ya fi yawa da dare, shi ya sa shayarwar dare ba a wasa da ita. Akwai na biyu, oksitosin, wanda ke matso ruwan ya gangaro. Shi kuma yana tafiya da halin da zuciya ke ciki: ɗumin jariri da ƙamshinsa da kukansa suna kawo shi, tsoro da ciwo da ɓacin rai suna riƙe shi. Ba don haɗi ba, duk wanda ya taɓa zuwa ruga da sassafe ya ga sai an sako maraƙi ya ɗan tsotsa kafin saniya ta ba mai tatsa. Naki nonon ya cika, ya jira, ba a cire ba, sai jiki ya ɗauka ba a buƙata. Aikinmu yanzu shi ne mu gaya masa ana buƙata, sau 8 zuwa 12 kowace rana, dare da rana.

A nan zan ɗan tsaya in yi magana da 'yan uwana ma'aikata, don wasiƙar nan ta ƙona mini rai. Matar da aka raba da jaririnta, tun a awannin farko ya kamata a fara tatsar mata, ko da tana kwance ba ta iya ɗaga hannu. Ɗan dakashin da za a samu a sirinji, a shafa wa bakwaini a cikin kumatu, yana da daraja fiye da yadda ido ke gani. Ɗakin masu jego da ɗakin jarirai su riƙa magana da juna. Yarinya mai haihuwar fari ba za ta tambaya ba, mu ne za mu same ta a gadonta.

To, ga yadda za ki yi, 'yata.

Ki fara da goyon ƙirji, wanda a asibiti muke ce wa goyon kangaru. Ki cire masa kaya, a bar masa nafkin da hula da safa. Ki ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanki, fatarsa a kan fatarki, kansa ya juya gefe ɗaya, haɓarsa ta ɗan ɗago don hanyar numfashi ta buɗe, ƙafafunsa a naɗe. A ɗaure da zani ko majanyi, bakin zanin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, sai ki sa riga mai buɗewa ta gaba a kai. In barci za ki yi, ki jingina da matasai, kada ki kwanta shame-shame. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara wannan a 1978, lokacin da wani likita, Edgar Rey, ya ga kwalabe sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai a guda. Daga baya aka gwada fara shi tun daga haihuwa a ƙasashe biyar, Indiya da Tanzaniya da Malawi da Gana da Najeriya, a nan gida a asibitin koyarwa na Ile-Ife, a Gana kuma a Kumasi. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi nan take, a yi awa 8 zuwa 24 a rana. Naki ya wuce kwanakin farko, amma har yanzu zai amfana: ƙarfin da zai ɓata wajen ɗumama jikinsa sai ya tafi wajen girma, kuma yana kwance a inda zai ji ƙamshin nono ya fara lalube da kansa. Ki ci gaba har ya kai wajen kilo 2.5, ko ya fara turewa yana nuna ya ƙoshi da ɗaurin.

Ki riƙa sa masa nono aƙalla kowane awa biyu, da duk lokacin da kika ga yana motsa baki, yana juya kai, yana kai hannu baka. Kada ki jira ya fashe da kuka, yaron da ya yi fushi ba ya koyon komai. Lokacin da ya fi kyau shi ne yana tsakanin barci da farkawa. Akwai abin da zai faranta miki rai: jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen sati 32 zuwa 34 na ciki, shi ya sa aka riƙa ba shi ta robar hanci a asibiti. Naki da yana ciki, yanzu ne zai kai sati 38 ko 39. Wato ya kai lokacin da zai iya. Ki tallafe shi gaba ɗaya, cikinsa a jikin cikinki, tafin hannunki a bayan wuyansa da kafaɗunsa. Ki shafa kan nonon a leɓensa na sama, ki jira ya hangame sosai, sannan ki jawo shi gare ki. Ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, leɓensa na ƙasa a juye waje, haɓarsa ta taɓa nonon. In kina jin zafi, kamun bai yi ba: ki zura ƙaramin yatsa ta gefen bakinsa ki cire, ku sake. Bakwaini yakan tsotsa sau biyar ko shida ya tsaya ya huta. Ki bar shi, bai gama ba.

Bulumbotin nan kuwa a ajiye shi. Yaron da ya saba da madara na kwararo masa ba wahala ba zai yi haƙurin nonon da ke ɗigo ba, ga shi kuma da wuyar wankewa, datti yana maƙalewa a robar, kuma ina zarginsa a gudawar nan. Ƙaramin kofi ya fi. Ki naɗe hannuwansa cikin zani, ki zaunar da shi a cinyarki a ɗan kishingiɗe, ki ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ki karkata har madarar ta taɓa leɓen kawai. Za ki ga ya fito da ɗan harshensa yana lasa, daga baya ya fara kurɓa. Kada ki zuba masa a baki, zai ƙware. Ki sa nas ta nuna miki sau ɗaya, hannunki zai faɗa.

Idan ya ƙi kama nonon don ba ya samun komai, akwai dabarar da na fi so duk cikin aikin nan. Ki tambayi nas siririyar robar nan irin wadda aka sa masa a hanci. Bakinta guda a tsoma cikin kofin madara, ɗayan a manna shi da filasta a jikin nonon, ƙarshensa daidai kan nono. In ya kama, sai ya haɗa da robar. Yana tsotsa madara na hawowa, shi yana ƙoshi, ke kuma nononki yana samun tsotson da yake nema. In madarar na gudu da yawa a sauke kofin ƙasa, in ba ta zuwa a ɗan ɗaga, a daidaita yadda zai ɗauki kamar rabin awa. Bayan kowane sha a wanke robar da ruwan zafi da sabulu ta hanyar sirinji, a canja ta bayan 'yan kwanaki. In ba a samu robar ba, wani ya riƙa ɗiga madarar da cokali a saman nonon tana gangarowa zuwa bakinsa yana tsotsa. Wannan aikin mutum biyu ne, kuma shi nake so ki ba Hajiya. Kakar da ta riƙe cokalin nan, ranar da ta ga fari ya fito a gefen bakin jikanta, ita za ta fara kai labari maƙwabta.

Bayan ya sha, ko in ya ƙi, ki tatsa. Ki wanke hannu, ki gasa nonon da tsumma mai ɗumi, ki ɗan mulmula shi a hankali. Babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a iyakar baƙin nonon. Ki danna baya wajen ƙirji, sannan ki matse ki saki, ki matse ki saki. Ban da jan kan nono, ban da gurza fata. Ki riƙa zagayawa da yatsun, minti uku zuwa biyar a wannan, ki koma wancan, har minti 20 zuwa 30. Kwanakin farko ƙila ki tashi da abin da bai jiƙa gindin kofi ba. Kada ki zubar, ki ba shi, kuma kada ki auna nasararki da shi, saƙon da ya tafi ƙwaƙwalwa shi ne ribar ranar.

Wasu matan cikin 'yan kwanaki suke ganin canji, wasu sai sati biyu ko fiye, cikarsa kuma kan ɗauki wata guda ko ya wuce. Kafin nan, lissafin da aka saba shi ne mililita 150 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Yaro mai kilo 2 ke nan zai sha wajen 300, a raba sau takwas ko fiye, amma ƙananan bakwaini sukan buƙaci fin haka, don haka likitansa ne zai yanke. Idan kin fara jin nonon yana nauyi, kina jin ƙarar haɗiyarsa, sai a rage kamar mililita 50 daga jimlar ta yini, a tsaya 'yan kwanaki, a auna shi, in ya ƙaru a sake ragewa. Sikeli ne alƙali, ba idon 'yan barka ba. Ana son bakwaini ya ƙara kamar giram 15 a kowane kilo kullum, wato mai kilo 2 ya ƙara wajen giram 200 a sati. Fitsari kuma sau shida ko fiye a yini, marar duhu. In nauyi ya tsaya, a mayar da abin da aka rage ba tare da jin kunya ba. Ki samu littafi ki riƙa rubuta awon kowane sati, kuma ki tuna wa ma'aikatan asibiti maganin ƙarin jini da bitamin da ake ba bakwaini. Kada ki gwada shi da ɗan maƙwabciya da aka haifa rana ɗaya da shi, naki sai an cire masa satuttukan da ya rage a ciki kafin a lissafa.

Ba zan ɓoye miki ba, ba kowace mace ce nononta ke dawowa har ya wadatar shi kaɗai ba. Wata rabi take samu, tana cikawa da madara. Wannan ma babban rabo ne. Nonon uwar bakwaini a satuttukan farko ya fi na sauran mata sinadarin gina jiki, kuma a kowane lokaci yana ɗauke da garkuwar da ba ta cikin gwangwani. Akwai mugun ciwon hanji da ke kama bakwaini, hanjin ya kumbura ya ruɓe. Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 1990 ya gano ya ninka sau shida zuwa goma a jariran da ke shan madara zalla a kan masu shan nono zalla, kuma waɗanda aka haɗa wa nono da madara sun fi masu madara zalla tsira. Naki ya kusa fita daga zangon wannan ciwon, amma gudawa da ciwon haƙarƙari suna nan gaba, kuma kowane cokali na nononki yana tare masa su.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Iyalina ta haifi 'yan biyu kafin lokaci, yau kwana goma sha biyar, suna kwance a likita. Ita an sallame ta, muna zuwa safe da yamma. Da farko tana tatsar da yawa, yanzu ya ragu sosai. Wani mai sayar da magani ya ce akwai ƙwayar da ke kawo nono. Mahaifiyata kuma tana dama mata kunun kanwa da yawa, ana jiƙa mata hulba. Wanne ya fi?
Magidanci, daga Maraɗi

Amsa: Malam, Allah ya raya, ya saka maka da alheri da ka ɗauki abin nan naka. Ina ganin matsalar tana cikin wasiƙarka: safe da yamma. In sau biyu ko uku take tatsa a yini, dole nono ya ja baya, ko me ta sha. Tana buƙatar sau takwas aƙalla, har da ɗaya tsakanin tsakar dare da asuba. Ka nemi ganin shugabar ɗakin jariran, ka roƙa a bar ta ta yini kusa da su, in da wurin kwana ta kwana, kuma a fara ɗora mata su a ƙirji da zarar likita ya yarda. Mace ta fi samun nono in tana tatsa tana kallon ɗanta. Na gida kuma a zuba a kofi mai murfi da aka tafasa, a rubuta lokaci. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu, amma a zafin Maraɗi kada a yi wannan ganganci: a sa a firji, ko cikin kula da ƙanƙara, a kai da wuri, a kuma bi ƙa'idar da likitar ta gindaya.

Ƙwayoyin da ake nufi su ne domferidon da metokulofiramid. Asalinsu maganin amai ne, suna ɗaga furolaktin a matsayin illar gefe. Na farkon yana iya rikita bugun zuciya, na biyun yana iya jawo ƙuncin rai da karkarwar jiki ko murɗewar wuya. Likita kan rubuta su wani lokaci bayan ya duba mace, amma ba abin saye a kan tebur ba ne, kuma ba sa aiki in ba a tatsa. In za ta fara tsarin iyali, ta faɗa musu tana shayarwa, don ƙwayar da ke da sinadarin estirojin tana rage nono.

Kunun kanwa kuwa, ka lallaɓa Inna a rage kanwar sosai, ko a bar ta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da gashin jego mai tsanani. In ka ga ƙafafunta sun kumbura, ko tana haki in ta kwanta, a tafi likita a ranar. Kunun gyaɗa, fura da nono, wake, ƙwai, kifi, miyar zogale, duk ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa duk sanda ta ji ƙishi. Hulba in tana so ta sha kaɗan, sai dai ba ita ce za ta yi aikin ba.

Abin da ya rage naka ne. Matar da ke tatsa sau takwas ba za ta iya girki da wanki da surfe da karɓar 'yan barka ba. Ka samo wadda za ta riƙe gidan na wata biyu. Ka tare mata masu cewa nononta ba shi da kyau. Kuma 'yan biyu ƙirji biyu suke so: in an ba da dama, ka cire riga ka ɗauki ɗaya. Ɗumin uba daidai yake da na uwa, kuma na ga dattawa masu furfura sun yi.

Tambaya: Anti, ƙanwata ta rasu wajen haihuwa, ta bar jaririya bakwaini. Ni na yaye ɗana shekara guda ke nan. Ina so in shayar da ita. Zai yiwu? Kuma me addini ya ce?
Wata baiwar Allah, daga Azare

Amsa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. Ƙanwata, zai yiwu, kuma Allah ya ba ki ladan niyya. Macen da ta taɓa shayarwa nononta yana iya dawowa ko bayan shekaru, har kakanni sun yi. Duk abin da na faɗa wa mai jegon Gusau ya shafe ki, musamman goyon ƙirji da robar nan ta jikin nono, sai dai ke ki sa ran zai ɗan fi ɗaukar lokaci, don haka madarar da likita ya tsara mata ba za ta tsaya ba. Kafin ki fara, a yi miki gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, don tana bi ta nono, a duba ciwon hanta, a tabbatar ba ki da ciki, ki kuma nuna wa likita duk maganin da kike sha.

Ta fuskar addini, shayar da ɗan wata abu ne sananne. Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ambaci wata ta shayar da yaro. Abin kiyayewa shi ne shayarwa tana haramta aure kamar yadda nasaba ke haramtawa. Yarinyar za ta zama 'yarki, mijinki ubanta, 'ya'yanki 'yan uwanta, babu aure tsakaninsu, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko kaɗan ne ya isa cikinta ya wadatar. A gidajenmu da ake yawan auren zumunci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki yi shawara da maigidanki da mahaifin yarinyar, ku je wajen malami tare, a rubuta a ajiye, dangi su sani.

Tambaya: Anti, ɗana bakwaini ya koma nono, alhamdu lillahi. Da zafin nan zan iya ba shi ruwa, ko zamzam da ɗan zuma?
Uwargida, daga Birnin Kebbi

Amsa: Madalla 'yata, na taya ki murna. Kada ki ba shi. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, in zafi ya yi ki ƙara sa masa nonon, ke ki sha ruwan. Cikinsa ƙarami ne, duk wurin da ruwa ya tare nono ya rasa, tsotso ya ragu, nonon da kika sha wahalar dawo da shi ya sake ja baya. Zamzam da rubutu ki sha da niyyarsa, ki tofa masa addu'a. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Haka ma dauri da sauran jiƙe-jiƙe. In kin ga ya daina tsotsa, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya yi sauri ko yana ɗaukewa, ko ya yi rawaya, ko cikinsa ya kumbura da koren amai ko jini a kashi, ki sa shi a ƙirji ki ɗaure ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.